Na Gama Digiri na Biyu ko na Uku, Jami'a Ba Ta Ɗauka Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin da Ba na Koyarwa Ba

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban digiri na biyu da na uku a jami'o'in Najeriya suka fi yi idan kare kundi ya gabato, gurbin lakcara kuma bai samu ba. An tsara amsoshin ne ga ɗalibin da yake tsakiyar karatu, amma wanda ya riga ya gama zai tsinci abin da zai amfane shi.

Wanda ya yi digiri na uku bai zama lakcara ba, ya yi asarar karatunsa ke nan?

A'a. Lissafin ne ba ya tafiya yadda aka saba ɗauka. Sashe guda yana iya yaye masu digiri na biyu da dama a shekara, alhali shi kansa sai ya shafe shekaru bai ɗauki sabon malami ko ɗaya ba. Ko an buɗe gurbin, wanda ya fara a matsayin mataimaki a sashen tun bayan bautar ƙasa yana gaban layi. Saboda haka mafi yawan waɗanda suke ajin nan tare da kai a wajen jami'a za su ci abinci, ko sun shirya ko ba su shirya ba. Wanda ya shirya shi ne yake zaɓar inda zai faɗa.

Abin da kake sayarwa a kasuwar aiki ba taken kundinka ba ne. Kai mutum ne da ya iya ɗaukar tambaya mai sarƙaƙiya, ya tsara hanyar amsa ta, ya tattaro bayanai da kuɗi kaɗan, ya rubuta sakamako, sannan ya tsaya gaban malaman da suka zo neman kuskurensa ya kare abin da ya rubuta. Ana biyan kuɗi a kan wannan. Matsalar ita ce ɗalibai ba su saba faɗar sa da harshen masu ɗaukar aiki ba.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Wata 12 zuwa 18 kafin ranar da kake sa ran kare kundi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda za a raba lokacin:

Wata uku na farko, tattara tallan aiki guda 20 na irin ayyukan da kake sha'awa, daga shafukan ma'aikatun kansu, da LinkedIn, da shafin ReliefWeb idan ƙungiyoyin agaji kake hari. Ba nema za ka yi ba tukuna. Buɗe takarda ka rubuta duk wata ƙwarewa da aka ambata, ka ƙirga sau nawa kowace ta fito. Biyu ko uku da suka fi maimaituwa, waɗanda ba ka da su, su ne karatunka na gefe.

Wata shida na tsakiya, koyi abubuwan nan, kuma ka yi amfani da su a cikin binciken kundinka. Wannan ita ce dabarar da ta fi sauƙi kuma aka fi mantawa da ita. Idan za ka raba takardun tambayoyi ga mutum 300, kada ka buga su a takarda; ɗora su a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta waya, ka koya wa masu taya ka yadda ake cikewa a waya. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ga bayanan kundi, ga ƙwarewar da ƙungiyoyi suke tambaya.

Ragowar lokacin na neman aiki ne kai tsaye. Daga rufe talla zuwa kama aiki a manyan ƙungiyoyi da hukumomi ana iya ɗaukar watanni, don haka wanda ya jira sai satifiket ya fito zai yi zaman banza mai tsawo.

Wani abin lura: kada ka ɗaure shirinka da kalandar jami'a kaɗai. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 kuma ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Irin wannan tsaiko ne lokacin da ya fi dacewa da aikin wucin gadi ko koyon manhaja.

Ina ne ake ɗaukar irinmu?

Wuri mafi kusa da jami'a shi ne cibiyoyin bincike. Mai karatun noma ko dabbobi yana da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da ta hatsi a Badeggi, da ta lafiyar dabbobi a Vom, da rassan cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, a Kano. Mai ilmin sinadarai ko haɗa magunguna yana da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Zariya da ta binciken magunguna, NIPRD, a Abuja. A nan digiri na uku yana da daraja sosai, kuma ana ƙirga maƙalolin da ka wallafa wajen ƙarin girma.

Sai hukumomin da aikinsu ya dogara da bayanai da gwaje-gwaje: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Babban Bankin Najeriya, NAFDAC, hukumar yaƙi da cututtuka (NCDC), hukumar hasashen yanayi (NiMet), da ma'aikatun kasafi da tsare-tsare na jihohi.

Sai ƙungiyoyin raya ƙasa da na agaji, inda sashen bibiya da auna ayyuka, wanda kowa ya sani da M&E, ya fi ɗaukar masu bincike. Amma a shiga da ido buɗe. Yawancin ayyukan kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, kuma tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025 sannan ta rufe hukumar tallafinta, USAID, gurabe sun ragu, ƙwararrun da suka rasa aiki kuma sun dawo cikin masu nema.

Akwai kamfanoni masu zaman kansu: masana'antun siminti a Sakkwato da Ashaka, kamfanin sukari a Numan, kamfanonin iri a Zariya, masu sarrafa shinkafa da madara a Kano, da bankuna. Su ba ruwansu da yawan maƙaloli. Abin da ke gabansu shi ne za ka rage musu asara ko ka ƙara inganci.

Idan na shiga aikin gwamnati, a wane mataki za a ajiye ni?

A tsarin ma'aikatan tarayya da aka saba, mai digiri na farko yana shiga a mataki na 8, mai na biyu a na 9, mai na uku a na 10. Wasu rukunan aiki suna haɗawa da sharaɗin shekarun gogewa, jihohi kuma kowace da nata tsarin, don haka a nemi kundin tsarin aikin rukunin a duba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya karɓi takardar ɗauka a mataki na 8 da nufin "zan gyara daga baya". Gyaran yana yiwuwa, amma yana cin lokaci da zirga-zirga. Gabatar da dukkan takardunka tun wajen tantancewa. Kuma kada ka manta da takardar bautar ƙasa, ko ta yafewa idan ka haura shekara 30 lokacin da ka gama digirin farko. Digiri na uku ba ya maye gurbinta.

Na tura CV sau da yawa, ko kira ba a yi. Me ke faruwa?

Mafi yawan lokaci CV ɗin jami'a kake turawa. Shafi bakwai, ya fara da ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, makarantar firamare, sai jerin taruka da maƙaloli. An gina shi ne don kwamitin ƙarin girma. Jami'in ɗaukar aiki yana da ɗaruruwan takardu a gabansa, a wasu wuraren ma manhaja ce take fara tacewa ta hanyar neman kalmomin da ke cikin tallan. Idan bai ga abin da yake nema a rabin shafin farko ba, ya wuce.

Mayar da shi shafi biyu. A sama, layi uku da ke faɗin ko kai wane ne da abin da ka iya. Sai gogewa, sai ƙwarewa, sai karatu. Maƙaloli biyu ko uku kawai, waɗanda suka shafi aikin.

Inda aikin yake shi ne sake rubuta binciken a matsayin aiki. A ce ɗaliba ta yi kundi kan asarar masara bayan girbi a wata ƙaramar hukuma. Abin da takan rubuta shi ne taken kundin da sunan mai duba ta. Abin da ya kamata ta rubuta kuwa, ko da Turanci za ta sa shi, ma'anarsa ita ce: ta tsara bincike a ƙauyuka 12, ta horar da masu tattara bayanai 6 kuma ta kula da aikinsu, sun gana da manoma 240 cikin mako biyar, ta tace bayanan ta yi nazarinsu da manhajar ƙididdiga ta Stata, ta sarrafa kasafin aikin, ta gabatar da sakamako ga malaman gona na yankin. Aiki ɗaya ne, amma na biyun yana nuna shugabanci, kasafi, aikin fili da ƙididdiga. Kowane layi ya fara da abin da ka yi, ya ƙunshi lamba, ya ƙare da abin da ya haifar. Lambobin kuma su zama na gaskiya, domin za a tambaye ka a kansu.

Kada a tura CV ɗaya ga kowa. Kowane talla a daidaita layukan sama da kalmominsa. Minti 30 ne, kuma neman aiki biyar da aka yi wa haka ya fi hamsin na watsi.

Ana cewa sai mai gogewar shekara biyu ko biyar. Shekarun bincikena suna cikin lissafi?

Ya danganta da wurin. Cibiyoyin bincike sukan ƙirga. Kamfanoni galibi ba sa ƙirga zaman ɗalibta, amma suna ƙirga aikin da aka ba ka takardar ɗauka a kansa, ko da na wata uku ne. Shi ya sa duk lokacin da malami ya sa ka cikin aikin da ya samo wa tallafi, ka roƙi wasiƙa mai ɗauke da muƙami, kwanan wata da ayyukan da ka yi. Roƙe ta a lokacin. Bayan shekara uku malamin ya tafi hutun bincike, wayarsa ma ba ta shiga.

A hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, muƙamin P-2, wato ƙaramin matakin ƙwararrun ma'aikata na ƙasa da ƙasa, yana neman digiri na biyu da gogewar shekara 2, P-3 kuma shekara 5. Muƙaman 'yan ƙasa suna farawa daga NOA, wanda galibi shekara ɗaya yake nema, sai NOB mai shekara 2. Shirin matasan ƙwararru na Majalisar yana da iyakar shekara 32. Hanyoyin cike giɓin su ne aikin tattara bayanai na ɗan lokaci, aikin sa kai na Majalisar (UNV), da ƙananan ƙungiyoyin gida, inda mutum ɗaya yake rubuta neman tallafi, ya je fili, ya rubuta rahoto. Albashinsu kaɗan ne, amma shekara guda a can tana koyar da abin da babban ofis ba zai bari ka taɓa ba.

Waɗanne manhajoji zan koya?

Excel tukuna, kuma da gaske: tace bayanai, haɗa teburori, taƙaita dubban layuka, zana jadawali mai tsabta. Da yawa daga masu digiri na uku suna faɗuwa a gwajin Excel na minti 45 saboda sun raina shi. Bayan shi sai manhajar ƙididdiga guda: SPSS ta wadatar a kundi, amma Stata da R sun fi fitowa a tallan masu bincike, R kuma kyauta ce. Mai harkar lafiya ya san DHIS2, domin da ita ake tattara bayanan asibitoci a ƙasar nan. Mai harkar ƙasa, noma ko muhalli ya koyi QGIS, manhajar taswira. Power BI tana da amfani wajen nuna sakamako ga manya.

Biyu da ka iya sosai sun fi takwas da ka lissafa. Hujjar iyawa kuma ita ce aikin da za a iya gani. Bayanan binciken gidaje na Hukumar Ƙididdiga suna nan kyauta a rumbun bayanan Bankin Duniya, haka na binciken MICS na 2021 kan halin yara da mata. Sauke ɗaya, zaɓi tambaya guda game da jiharka, ka fitar da rahoton shafi biyu mai jadawali uku da shawara ɗaya. Wannan shi ne abin da za ka liƙa wa takardar neman aikinka.

Satifiket na ƙwararru fa, ya zama dole?

Inda doka ta tanada, eh: COREN ga injiniya, TRCN ga malamin makaranta, ICAN ko ANAN ga akanta. Sauran kuwa a duba ko suna fitowa a tallan nan 20 da ka tara. Project DPro (na gudanar da ayyuka) da MEAL DPro (na bibiya da auna ayyuka) suna da araha kuma ƙungiyoyin raya ƙasa sun san su. PMP, takardar ƙwararrun masu gudanar da ayyuka, tana neman wata 36 na jagorancin ayyuka da awa 35 na horo kafin ma a zauna jarrabawa, don haka ba ta sabon shiga ba ce. A guji "cibiyoyin" da ke ba da zama mamba a taron yini ɗaya bayan an biya kuɗi. Masu ɗaukar aiki sun san su.

An ce mini na fi ƙarfin aikin. In ɓoye digirina?

Kada ka yi ƙarya a fom ɗin da ya ce a lissafa dukkan takardu. Idan ta fito daga baya dalilin kora ne. Abin da mai ɗaukar yake tsoro uku ne: za ka gudu da zarar jami'a ta kira, za ka raina albashin, ko ba za ka bi umarnin shugaban da bai kai ka karatu ba. Amsa su tun a wasiƙar neman aiki, cikin jimla biyu: dalilin da ya sa ka zaɓi wannan fanni, da abin da kake son koya a wurinsu. A cire "Dakta" daga saman CV idan ba aikin bincike ba ne, digirin ya zauna a sashen karatu.

Shekaru ma suna da tasiri. Shirye-shiryen horar da sababbin ma'aikata na bankuna da manyan kamfanoni sukan sa iyakar shekaru a ƙasa da 30, kuma mai digiri na uku galibi ya wuce nan. Kada ka ɓata lokaci a wannan ƙofar. Nemi muƙaman da ake ɗauka bisa ƙwarewa.

Yaya zan shaida wa mai duba aikina cewa ba koyarwa zan yi ba?

Da ladabi, kuma ba a ranar da ya dawo maka da babi cike da jan biro ba. Shigo da maganar a matsayin neman shawara: "Ranka ya daɗe, ina tunanin gwada cibiyoyin bincike ko ƙungiyoyi bayan na kammala, ko akwai tsofaffin ɗalibanka da za ka haɗa ni da su?" Malamai da yawa suna yi wa ƙungiyoyi aikin ƙwararru a gefe, kuma su ne gadar farko. Ka tabbatar masa kundin ba zai tsaya ba, ka kuma kawo jadawalin da zai nuna hakan.

Idan ma'aikacin jami'a ne kai kuma TETFund ko makarantarka ce ta ɗauki nauyin karatun, akwai yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta komawa ka yi aiki na wasu shekaru. Karanta ta kafin ka nemi wani aiki. Wanda ya tafi bai cika ba ana iya bin sa kuɗin, har a taɓa waɗanda suka tsaya masa.

Me ke kayar da masu bincike a intabiyu?

Tsawon bayani. An tambaye ka bincikenka, ka fara daga tarihin matsalar da ra'ayoyin masana, minti shida ba ka iso sakamako ba. Shirya amsar minti ɗaya: matsalar, abin da ka yi, abin da ka gano, wanda zai amfana. Gwada ta a kan wani ɗan'uwanka da bai yi fannin ba. Idan ya iya maimaita ta, ta yi.

Na biyu shi ne tambayoyin "ba mu labarin lokacin da". Tanadi misalai biyar daga aikinka: saɓani da abokin aiki, kuɗi ya ƙare a tsakiya, wa'adi ya matso, ka yi kuskure ka gyara, ka shawo kan wanda ya ƙi ba da haɗin kai, kamar mai unguwar da ya hana a shiga gidaje. Kowanne a faɗi halin da ake ciki, matakin da kai ka ɗauka, da sakamako. Mu Hausawa mun saba cewa "mun yi" saboda kunya, amma a nan ana son jin abin da kai ka yi.

Na uku, ɗabi'ar "sai an ƙara bincike". A jami'a wannan hankali ne. A ofis ana son ka ce: da bayanan da ke hannu ga shawarata, ga kuma abin da zai sa in canza ta.

Ni Hausa, tarihi ko nazarin addini na karanta. Ina da wuri?

Akwai. Sassan Hausa na BBC, DW, RFI da TRT Afrika, da jaridar Aminiya da gidajen rediyo da talabijin na gida suna buƙatar masu rubutu mai tsabta. Akwai fassara da tace rubutu ga ƙungiyoyin lafiya da agaji, da aikin tsara bayanan harshe ga masu gina manhajojin kwamfuta. Ƙungiyoyin sasanta rikici da masu wayar da kai suna neman wanda ya iya zama da malamai da sarakuna, ya jagoranci tattaunawar rukuni, ya kuma rubuta rahoto. Abin da za ka ƙara shi ne samfurin aiki: fassarori uku, ko rahotanni uku da aka wallafa, da sanin manhajar nazarin hira irin NVivo.

Zan iya buɗe kamfanin bincike na kaina?

Za ka iya, amma zai fi kyau bayan ka yi wa wasu aiki ka san farashi da masu bayarwa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a CAC. Za ka buƙaci lambar haraji da asusun banki na kamfanin. Abin da ke karya sababbi shi ne biya yana zuwa kashi-kashi, na ƙarshe sai an amince da rahoto, alhali masu tattara bayanai da direba suna son kuɗinsu yau. A sa kason farko a cikin yarjejeniya, a rubuta sau nawa za a yi gyara, a kuma tuna za a cire haraji daga kuɗin tun kafin ya iso.

Mu malamai ne. Me sashe zai iya yi ba tare da kasafi ba?

Riƙe rajistar tsofaffin ɗalibai da inda suke aiki, a gayyaci biyu kowane zango su yi bayanin awa ɗaya. A sa kowane ɗalibi ya haɗa taƙaitaccen bayani na shafi biyu ga masu tsara manufa tare da kundinsa. A ware zama ɗaya a cikin darasin dabarun bincike don tattara bayanai ta waya da gyaran CV. A amince ɗalibi ya ɗauko tambayar bincikensa daga wata ma'aikata ko masana'anta, da mai duba na biyu daga can. Mafi muhimmanci, a rage jinkirin duba babi: kowace shekarar da aka ƙara wa ɗalibi tana cin damarsa a inda ake duba shekaru.

Idan na fita, zan iya dawowa jami'a daga baya?

Ana dawowa, musamman daga cibiyoyin bincike. Sharaɗin shi ne kada wallafa ta yanke, domin da maƙaloli ake auna matakin da za a ba ka; wanda ya yi shekara takwas a waje babu ko ɗaya zai iya dawowa ƙasa da abokan karatunsa. Fitar da maƙala biyu daga kundin a shekarar farko kafin bayanan su tsufa, ka ci gaba da biyan kuɗin ƙungiyar masana ta fanninka, ka karɓi koyarwar wucin gadi idan wurin aikinka ya yarda. Kafin ka wallafa komai daga bayanan ofis, nemi izini a rubuce, domin a yawancin kwantiragi bayanan mallakar mai aikin ne ko mai ba da tallafi.